Gawar Goggo Mai Hannu Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a naɗe da bandeji, da hannun dama wanda har yau bai daina zogi ba, mai shagon gyaran rediyo na ƙarƙashin bene, wanda duk layin ya sani da Tsawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da maƙwabta, har da magulmatan da ke zaman bencin mai aski, rasuwar Goggo. Ta rasu da rana tsaka, a kan teburin da ta yi rayuwarta duka, bayan gajeriyar jinya. Kada wani ya je yana cewa ta cika cikin salama. Fashewa ta yi, ta watsa hanjinta har silin, ta tafi da rai guda, ta kuma bar jini a ƙasa wanda ba nata ba.

Ga wanda bai san ta ba, kuma asararsa ce, Goggo ba mutum ba ce. Akwatin wuta ce, irin wadda masu gyara ke girkewa a kan teburin aiki. Wutar bango mahaukaciya ce, yanzu ta zo da ƙarfi, anjima ta zo tana jan ƙafa, ba mai hankalin da zai ba wa rediyon da aka buɗe cikinsa ita kai tsaye. Goggo ke karɓarta, ta karya mata lago, ta miƙo ta a natse ta wayoyi biyu, ja da baƙi. In aka ce mata wuta mai ƙarfin sha biyu ake so, sha biyu za ta bayar, ko da sama da ƙasa za su haɗu.

Mahaifin Tsawa ne ya haɗa ta da hannunsa, tun 'ya'yansa biyu suna samari. Gangar jikinta daga ƙofar wani mataccen firiji ya yanko, ya lanƙwasa, ya kai aka yi mata walda. Taransifomar cikinta daga wata ƙatuwar amfilifaya ya ciro, mai nauyin dutsen niƙa. Da ya gama ya ga mutum ɗaya ba ya ɗaga ta sai ya ji a ƙugunsa, sai ya ɗaura mata hannu biyu na ƙarfe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya kira yaran ya ce, "Ga ƙanwata nan, ku gaishe da goggonku." Sunan ya bi ta har kabari. Tun daga ranar, duk inda za a kai ta, hannun dama na Tsawa ne, na hagu na ƙaninsa Auta, kuma ba a taɓa yin musaya ba.

Marigayiya ta sha duka a rayuwarta, ba ta taɓa kai ƙara ba. Tsawa bai sami sunansa a banza ba. Mutum ne wanda in sukuru ya ƙi kwancewa sai ya zagi kakan sukurun, in kuma ransa ya ɓaci, abin da ke kusa shi ke ji a jikinsa, Goggo kuwa ita ce kullum a kusa. Lotsawar da ke kafaɗarta guduma ce. Tsagar da ke gilashin mitarta sukundireba ce da aka jefa wa wani ya goce. An sha haɗa mata ja da baƙi bisa kuskure, tartsatsi ya tashi, bakin waya ya narke, ta yi ɗan gurnani ta koma kan sha biyunta kamar ba a yi ba. Ranar da aka yi ƙaurar shago ta faɗo daga bayan mota, daɓen siminti ne ya fashe. Ɓeran da ya shiga cikinta neman ɗumi, warinsa kawai aka ji. Ɓarawon da ya taɓa fasa shagon ya yi kwaɗayin tagullar cikinta, ya rungume ta shi kaɗai, ta kuɓuce masa ta sauka a kan yatsun ƙafarsa, aka wayi gari ana bin sawun jini har bakin kwalbati. Iyalan ba za su ɓoye cewa ita ma tana da hannu ba. Tela na shagon gefe ya taɓa jingina da ita da jiƙaƙƙen hannu, ta yi jifa da shi har bakin ƙofa, kuma tun daga nan daga nesa yake gaishe ta.

Ba ta da yawan magana. Da safe in aka danna makunninta sai ta ce ƙwas, taransifoma ta amsa da gum, daga nan sai hmmm, ƙasa-ƙasa, har a tashi aiki. Tsawa ya sha cewa ya fi sanin wannan hmmm ɗin da muryar maiɗakinsa. Da maganar ta kai kunnen maiɗakin, cewa ta yi ba ta musa ba, ai Goggo ce kaɗai take iya wuni da shi ba ta yi yaji ba.

Teburin shagon ɗaya ne, dogo, Goggo a tsakiya. A dama Tsawa ne da rediyo da amfilifaya da duk wani tsohon kaya mai sukuru. A hagu Auta ne da wayoyin hannu, da madubin ƙara girma, da ɗan hantsakinsa. Gemun Auta ya fara furfura, babbar 'yarsa tana koyarwa a makaranta, amma Auta yake, Auta kuma zai mutu. Aibinsa ɗaya a wajen yayansa: bai taɓa cewa to a karon farko ba. In Tsawa ya ce taransisto ne ya mutu, sai ya ce, "Anya, Yaya? Ka auna?" In Tsawa ya miƙe ya ce yau sai ya fasa kan wani kwastoma, sai ya ce, "Sha ruwa tukuna, Yaya, kan nasa ba gudu zai yi ba." Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma matsawa daga inda ya tsaya. Kafin Tsawa ya gama zazzage masa kwandon zagi, wutar ta sauka, kwastoma ya tafi gida da kansa a wuyansa. Tsawa ya sha faɗa a gaban jama'a cewa da Allah Ya ba shi ƙane mai cewa to, da tuni ya yi ƙiba. Mutum ya riƙa lura da abin da yake roƙo.

Dole a yi bayanin cikin marigayiya, don a fahimci ajalinta. A ƙirjinta akwai wani ɗan baƙin abu da ake kira regileta, shi ne mai gadin wutar. Kullum idonsa yana kan abin da ke fita, in ta ragu ya ƙara, in ta yi yawa ya rage. A bakin fita kuma, daidai inda ja da baƙi suka ɓullo, akwai kondansa, ɗan tulun da ke riƙe wuta kaɗan don kada abin da ke fita ya riƙa tsalle. Na Goggo tsoho ne, mummuna, ɗan gwangwani mai launin ƙasa, rigarsa ta roba ta yage, ƙafarsa ɗaya a karkace. Tsohon da ya haɗa ta ya taɓa nuna wa Tsawa shi da bakin sukundireba ya ce, "Wannan ɗan mummunan, a bar shi inda yake." Bai faɗi dalili ba, Tsawa bai tambaya ba. Bai kuma taɓa gaya wa Auta ba, don a ganinsa babba ba ya raba wasiyya da yaro.

Jinyar daga alheri ta samo asali, abin da ya fi ƙona ran iyalan ke nan. Yanar ido ta rufe wa Tsawa idon hagu, aka yi masa aiki, likita ya sallame shi da sharuɗɗa uku: kada ya sunkuya, kada ya ɗauki nauyi, kada ya yi fushi. Da maiɗakinsa ta ji na ukun, sai da ta riƙe ciki don dariya. Tsawa yana gida yana jinya, Auta ya ce bari ya shirya wa yayansa abin da zai fara gani da sabon ido. Ya buɗe Goggo, ya hure ƙurar shekaru, ya kwashe ƙasusuwan ɓera, ya canja gilashin mita, ya bubbuga kafaɗar ta miƙe, ya shafa mata fenti. Sai idonsa ya faɗa kan ɗan mummunan. Mutumin da ya saba da cikin wayoyin zamani ba ya ganin irin wannan ya kau da kai. Ya cire shi, ya sa na zamani, irin na tangaran, bai kai ƙwayar wake ba. Lambarsu ɗaya da tsohon, ga shi ba ya bushewa, ba ya yoyo, ba ya kumbura. Ya kunna, allurar mita ta tsaya cak a kan sha biyu. Kowane mai gyara ya gani zai ce aiki ya yi kyau. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Ranar da Tsawa ya dawo shago, tela ya fito, mai walda ya ɗaga tabarau, mai aski ya zo rungume da rediyonsa mai jikin katako, wanda ya rantse ba mai taɓa shi sai Tsawa ko da zai shekara yana jira. Auta ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe Goggo da shi. Tsawa ya tsaya yana kallo. Abin ya taɓa shi, amma mai hali ba ya fasa halinsa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wa ya ce maka kore ne launinta?"

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Auta.

Tsawa ya zauna, ya buɗe bayan rediyon mai aski, ya maƙala masa ja da baƙi, ya danna makunni. Ƙwas. Gum. Hmmm. Rediyo ya buɗe baki, amma a ƙarƙashin muryar mai labarai akwai wata siririyar tsuwa, tsiiii, mai shiga haƙori. Ruwa ba ya tsami banza. Tsawa ya karkata kai ya ce, "Kai, me ka yi mata a ciki?"

"Shara kawai da ɗan gyara, Yaya. Dubi mita mana."

Mita ta ce sha biyu. Yanzu an gane shaidar zur ta bayar, ba da son ranta ba. Wutar tana hawa tana sauka sau dubbai cikin ƙiftawar ido, allura kuwa nauyin jiki gare ta, ba ta iya bin wannan gudu, sai ta tsaya a tsakiya ta yi shiru. Tsawa ya dafa bayan Goggo ya ji zafin da bai saba ji ba. Amma mutumin da bai taɓa kama ta da ƙarya ba, ya fi yarda da ita a kan tafin hannunsa. Ya ɗora laifin a kan rediyon, ya ci gaba da murɗe-murɗe, ya ƙara masa murya don ya ji inda tsuwar take fitowa.

Abin da ya biyo baya bai kai mutum ya shanye kofin ruwa ba. Regileta ya gaji da kokawa da kansa, ya ƙone, ya bar ƙofa a buɗe, ɗanyar wutar taransifoma ta kwarara gaba ɗaya cikin rediyon mai aski. Rediyon ya kurma ihu guda, lasifikarsa ta yage, cikinsa ya shiga fashewa tas, tas, tas. Sabon kondansa ya tsage gida biyu. Hmmm ɗin Goggo ya koma gurnani, tebur ya hau rawa, sukurori suna tsalle suna zubewa ƙasa, baƙin hayaƙi ya fara fitowa ta ramukan gefenta. Auta ya yi tsalle zai cire soket, bai kai ba. Babban kondansan cikinta, wanda ya kai gwangwanin madara, ya tashi. Dum! Murfin ƙarfe ya ɓalle ya daki silin, ya dawo ya fasa fitila. Yagaggiyar takarda da ruwa mai zafi mai warin ruɓaɓɓen kifi suka wanke bango da fuskoki. Sabon gilashin mita ya tarwatse, ɓari ɗaya ya nutse a bayan hannun Tsawa. Mai aski ya tsinci kansa a tsakiyar titi da takalmi ƙafa ɗaya, bai san lokacin da ya fita ba. Kalmar marigayiya ta ƙarshe, waɗanda suka ji sun shaida, ita ce tsss.

Da a nan abin ya tsaya, da sanarwar nan gajeriya ce. Tsawa ya sunkuya a kan gawar, sharaɗin likita na farko ya tafi. Ya kore hayaƙi da hannu, ya duba bakin fita, ya ga abin da babu.

"Ina kondansan Baba?"

"Ya tsufa, Yaya. Na sa mata wanda ya fi shi."

"Wanda ya fi shi! Ka kashe ta, mai hannun ɓarna! Uban wa ya aike ka?"

Uban nasu ɗaya ne, amma fushi ba ya duba dangi. Fuskar Auta duk baƙin hayaƙi ce, idonsa ya kawo ruwa, don shi ma goggonsa ce. Da ya yi shiru, da wataƙila zagi kawai zai sha. Sai ya zura hantsaki cikin gawar, ya zaro wata murɗaɗɗiyar wayar tagulla mai kauri daga inda fiyus ya kamata ya kasance, ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Na ji nawa, Yaya. Wannan fa? Da fiyus ne a nan, da shi kaɗai zai ƙone, da yanzu tana raye. Na gan ta ina shara, na bar ta, don na san hannun wane ne."

"Au, nawa ka ji tsoro, na Baba ka raina!"

Iyalan marigayiya ba su da abin cewa game da wannan waya, kuma duk mai sha'awar tambaya ya zo da hular kwano. Abin da aka sani shi ne filaya ta tashi daga hannun Tsawa. Shekara da shekaru abin da ya jefa Goggo ke tarewa, ranar kuwa ba ta da kafaɗar tarewa. Filayar ta sami Auta a goshi, fata ta buɗe, jini ya sauko ya rufe masa ido. Auta, wanda ko kaza bai taɓa kora da tsawa ba, ya ɗauki kujerarsa ya maka ta a kantar gilashi, kantar ta zube warwas. Daga nan manya biyu masu furfura suka rungumi juna suka faɗi cikin fasasshen gilashi. Tsawa ya shaƙe wuyan rigar Auta har maɓallai suka yi tsalle, Auta ya sa masa kai a baki, leɓe ya fashe. Suka birgima ƙarƙashin tebur, ƙarfen narka dalma ya faɗo da zafinsa ya lasa hannun Tsawa, warin fata ya haɗu da warin kifi. Tsawa ya miƙe ya cafki hannun Goggo na dama zai ɗaga ta ya maka wa ƙaninsa, sharaɗi na biyu ya bi na farko, na uku kuwa dama tun a asibiti aka yi masa ta'aziyya. Goggo ta ƙi tashi. Ko a mace ba ta yarda a yi wannan aiki da ita ba. Tela ya shiga rabo ya samu gwiwar hannu a hanci, sai da mai walda ya zo ya ɗebe su ɗaya bayan ɗaya kamar buhuna.

A riƙe Tsawa yake, jini a haɓarsa, yana ihu duk layin na ji. "Fita! Kwashe tarkacenka ka bar min shago! Daga yau ba ni da ƙane!"

Auta ya share jinin idonsa da bayan hannu. Ya dubi gawar, ya dubi yayansa, ya ce, "To."

Shi ne to na farko da aka taɓa ji daga bakinsa ba tare da gardama ba. Ya ɗauki madubinsa da hantsakinsa ya fita, yana ɗiga a kan daɓe. Tsawa, da ya yi rabin rayuwarsa yana roƙon wannan kalma, ya ce bai taɓa jin abu mai muni a kunne irinta ba.

Marigayiya ta rasu ta bar wayoyi biyu, ja da baƙi, waɗanda yanzu suke rataye a ƙusa cikin maraici. Ta bar abokin zamanta ƙarfen dalma, wanda ake zargi da shiga faɗan da ba nasa ba. Ta bar rediyoyi da amfilifayoyi jere a jikin bango suna jiran wutar da ba za ta zo ba. Ta bar 'ya'yan ɗan'uwanta biyu, ɗaya likita ya sake naɗe masa ido yana masa faɗa kamar yaro, ɗaya da ɗinki a goshi. Iyalan suna kuma miƙa ta'aziyya ga mai aski bisa rashin rediyonsa, wanda ya zo neman lafiya a ƙafarsa aka mayar da shi a leda. Sai kuma wani magaji da ba a zata ba. Da ake share gilashi, aka jawo aljihun tebur na gefen Auta, aka sami kwalin ashana, a ciki an shimfiɗa auduga, a kan audugar ga ɗan mummunan kwance, ko ƙwarzane babu. Auta ya cire shi, amma zuciyarsa ba ta bar shi ya jefar da abin da hannun mahaifinsu ya liƙa ba.

Da wannan magaji aka yi binciken musabbabin mutuwa. Tsawa ya zauna da ido ɗaya, ya zaro wani regileta irin na Goggo daga tarkacen Baba, ya haɗa shi a kan ɗan allo da batirin mota, ya jona masa ƙaramin rediyo. Ya ɗauko sabon kondansa daga cikin waɗanda Auta ya bari, ya sa a bakin fita. Tsiiii. Ya cire, ya sa ɗan mummunan. Shiru, sai muryar mai labarai tas. Ya sake, ya kuma sakewa, har tela ya leƙo da hancinsa a kumbure ya ce, "Maƙwabci, lafiya?" aka ce masa ya matsa daga haske.

Ga abin da aka gano, a faɗa don amfanin 'yan sana'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Regileta irin na da, da zafin rai aka yi shi. In ya ƙara wuta, yana bukatar abin da zai ɗan turje masa nan take, ya ji a jikinsa cewa ya isa haka. Tsohon kondansa yana da wannan ɗan turjiya a cikinsa, kaɗan ce, har wasu suna kiranta aibi. Sabon kuwa sumul yake, duk abin da aka zuba masa haɗiyewa yake ba musu. Sai regileta ya ji shiru ya ƙara, ya wuce gona da iri, ya firgita ya janye, ya sake wucewa ta ƙasa, haka zai yi ta yi har ya cinye kansa. Tsawa ya yi gwaji na ƙarshe. Ya ɗauko ɗan ƙaramin resisto, mai turjiya kaɗan, ya jera shi da sabon kondansan. Tsuwar ta ɗauke ɗif. Ashe na Auta ba mugu ba ne, abu ɗaya kawai ya rasa. Tsawa ya daɗe zaune yana kallon ɗan allon, bai zagi kowa ba, abin da ya tayar wa maƙwabta hankali fiye da fashewar.

Tun ranar da kujerar hagu ta zama babu kowa, duk wanda ya shigo shagon to yake cewa, don kowa ya ga ɗinkin goshin Auta. Tsawa ya ce wa wani taransisto ne, mutumin ya ce to, aka canja ba a auna ba, amfilifaya ta ƙone. Ya bi wani da guduma har bakin titi don kawai mutumin ya tambayi yaushe zai dawo karɓar kayansa, ba wanda ya ce ya sha ruwa tukuna. Da safe ya kori mai kawo ruwa, da yamma ya bi shi yana ba shi haƙuri, kafin ya gama ba da haƙurin ya sake zaginsa. Ƙibar da ya yi alƙawari ba ta zo ba, wuyan rigarsa ma ya yi masa yawa. Maiɗakinsa ta zuba masa ido tana ajiye masa abinci ta ce, "Baban yara, kai ma fa tsiiii ɗin nan kake yi, mu ne muke ji." Ya ɗaga kofi zai yi jifa, ya duba bai ga mai tarewa ba, ya ajiye. Kewar ƙaninsa ce take cinsa, ko da yake in aka faɗa a gabansa za a ji a jiki.

Auta kuwa ba ya ɗaga waya. An je gidansa da rana tsaka, matarsa ta ce barci yake. Labari ya zo cewa ya sami rumfa a can ƙetaren gari, a layin masu gyaran waya, kuma zai aiko a kwashe masa sauran kayansa. In kayan nan suka fita, teburin da tsoho ya bari ya rabu ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ana karɓar gaisuwa a shago daga buɗewa zuwa rufewa. Ana roƙon masu zuwa su kiyaye abubuwa kaɗan. Kada a ce ai ƙarfe ne kawai. Kada a kawo tallar sabon akwati mai lambobi masu haske. 'Yan gwangwan da suka fara shawagi suna tambayar nauyin tagullarta, an gan su, kuma gudumar tana nan inda take. Wanda dariya ta kama shi ya fita waje ya yi ta, ya yi nisa sosai.

Game da jana'iza, an riga an yi mata wanka da burushi da fetur, an tattara hanjinta daga silin an mayar, an ɗaure murfin. Za a lulluɓe ta da ƙyallen nan da aka yaye ranar da aka yi mata kwalliya. Makwancinta kanta ce ta can sama a bayan shago, inda akwatin kayan aikin Baba yake. Ɗan mummunan ba zai bi ta ba, yana da sauran aiki a duniya, in an sami hannu biyu da za su haɗa wata.

Ba a tsayar da rana ba, don gawar tana nan a kan tebur ba ta ɗaguwa. Tela ya ce zai kama, an gode masa. Mai walda ya ce shi kaɗai ma ya isa, an ce ya je ya ɗauki ƙofar shagonsa. Hannun dama yana da mai shi, yana nan zaune tun safe yana kallon titi da ido ɗaya. Hannun hagu ma yana da mai shi. Duk wanda ya san hanyar da saƙo zai kai gare shi, ya gaya masa ba a ce ya zo ya ba da haƙuri ba, mai bayarwa yana nan ya tanada, ko da yake ba a yi alƙawarin zai fito da kyau ba. A gaya masa an sayi fiyus na gaske. A gaya masa an kai kujerarsa wajen kafinta an mayar mata da ƙafa, tana nan a gurbinta. A gaya masa koren fentin ya yi kyau.

In ya zo, Tsawa zai miƙe ya kama hannun dama, ya daka tsawa ya ce a ɗaga ta yanzu-yanzu, kantar za ta ɗauki nauyinta. Roƙonsa ɗaya ne, kuma da hawaye yake yinsa: kada a ce masa to. A tsaya a dube shi, a dubi kantar, a ce, "Anya, Yaya? Ka auna?"